Ƙarfin Da Ba Namu Ba: Zaman Kirista A Duniyar Da Ta Ajiye Allah A Gefe

A ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wales a 2021, waɗanda suka ce su Kiristoci ne ba su kai rabin al'umma ba. Kashi 46.2 cikin ɗari aka samu, alhali shekara goma kafin nan suna kashi 59.3. Waɗanda suka ce ba ruwansu da kowane addini kuwa sun haura zuwa kashi 37.2. Ingila ce fa ta aiko ɗan mishan Dakta Walter Miller Zariya a farkon ƙarnin da ya wuce, kuma a birnin Landan aka buga mana cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Yau a garuruwansu akwai tsofaffin majami'u da aka sayar, wasu an mai da su gidajen haya, wasu kantuna, wasu ma mashaya. A Faransa an raba gwamnati da ikkilisiya tun 1905, kuma tun 2004 doka ta hana ɗalibi shiga makarantar gwamnati da wata alamar addini mai ɗaukar ido. Wani masanin falsafa ɗan Kanada, Charles Taylor, ya rubuta babban littafi a 2007 yana neman gane yadda aka yi Turai ta tashi daga zamanin da ƙin yarda da Allah yake kusan gagara, ta iso zamanin da bangaskiya ta zama zaɓi ɗaya cikin zaɓuɓɓuka masu yawa. 'Ya'yanmu da suka tafi can aikin jinya ko karatu sun san abin da yake nufi. Ba wanda zai kore su don sun je coci. Sai dai in suka ambaci sunan Yesu a wurin aiki, kallon da za a yi musu ya isa ya rufe musu baki.

Wanda ke zaune a Kaduna ko Jos ko Maradi zai iya cewa wannan ciwon nasu ne, mu Allah ya raba mu da shi. A zahiri yana da hujja. Mu ba ma gaisawa sai da sunan Allah, ba ma sallama sai da shi. Taron gwamnati da addu'a ake buɗe shi, Musulmi ya yi tasa, Kirista ya yi tasa. Ranar Lahadi majami'u suna cika har a kafa rumfa a waje. Amma in muka yi wa kanmu adalci, za mu ga cewa abin ya iso mu tuntuni, da wata fuska dabam kawai ya zo. Su sun daina ambaton Allah. Mu muna ambatonsa dare da rana, amma mun ware masa wurinsa da lokacinsa, mun hana shi shiga sauran wuraren. Yana da Lahadi, yana da addu'ar tsakiyar mako, yana da biki da jana'iza. Ofis kuwa, da kasuwa, da ɗakin jarrabawa, da rumfar zaɓe, da wayar da ke aljihunmu, waɗannan suna da nasu dokokin. Wanda duk ya taɓa ƙin sa hannu a takardar da aka yi wa aringizo ya ji kalmomin da ake faɗa: "Malam, nan fa ba coci ba ne." Ko kuma: "Kai kaɗai ne mai tsoron Allah?" Sau da yawa mai faɗar haka dattijo ne a wata ikkilisiya.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa a wa'azi. Gwamnatin da ba ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba abu ne dabam, zuciyar da ta tura Allah gefe kuma abu ne dabam. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin bin addininsa har da sauya shi. Kirista ɗan Arewa, musamman Bahaushe wanda a garinsu tsiraru ne, shi ne na ƙarshe da ya kamata ya yi kuka da irin wannan tsari, domin inuwarsa yake sha. Abin da nake magana a kai ba a kundin doka yake ba. A cikin lissafin da mutum yake yi ne a ransa kafin ya yanke shawara: yana sa Allah cikin lissafin, ko kuwa ya bar shi a bakin ƙofa tare da takalmansa na Lahadi?

To, da wane ƙarfi mutum zai tsaya? Amsar da kowane ɗan makarantar Lahadi zai bayar ita ce, da ƙarfin Allah. Amsar daidai ce, amma an maimaita ta har ta dushe, kuma an karkatar da ita ta hanyar da take cutar da mutane.

Ku duba ayar da aka fi liƙawa a bayan motoci da bangon shaguna, Filibiyawa 4:13. Yawancin masu liƙa ta suna karanta ta kamar alkawari ne cewa duk abin da suka sa gaba za su cimma: kwangila, biza, kujera, mota. Amma Bulus a tsare yake sa'ad da ya rubuta wasiƙar nan. Ayoyin da suka gabace ta suna maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da zama da yunwa, da samu da rashi, ba tare da ɗayansu ya juya masa zuciya ba. Ƙarfin da yake magana a kai na jure kowane hali ne, ba na mallakar kowane abu ba. Haka kuma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura ta 12, ya ba da labarin wata damuwa da ta addabe shi, wadda ya roƙi Ubangiji sau uku ya ɗauke masa. Ba a ɗauke ba. Abin da aka ba shi shi ne tabbacin cewa alherin da yake da shi ya wadatar, kuma a cikin rauninsa ne ikon Allah zai fi bayyana. Mutumin da ya kafa ikkilisiyoyi daga Asiya Ƙarama har Makidoniya ya yi addu'a an ce masa a'a, bai kuma ɗauki wannan a matsayin shaidar ƙarancin bangaskiya ba.

Wa'azin da ke cewa wanda Allah yake tare da shi dole ya yi arziki, a ganina, shi ne babbar ƙofar da duniyar nan ta shigo ikkilisiya ta cikinta. Ma'aunin kasuwa ya ɗauko ya sa masa rigar addini. In nasara ita ce kuɗi da muƙami, Allah kuma hanyar samunsu ne, to ranar da wata hanya ta fi sauri, ita za a bi. Sa'ad da kafar zuba kuɗi ta MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, masu bi da yawa suna cikin waɗanda kuɗinsu ya maƙale, kuma ba kaɗan ba ne suka shiga saboda wani ɗan'uwa ya ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa ƙofa. Matashin da yake zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo ta waya yana addu'a tikitinsa ya ci, darasin da aka koya masa yake aikatawa.

Akwai kuskure na biyu, wanda ya fi kama mutanen kirki. Shi ne a ɗauka cewa zaman Kirista ƙoƙari ne kawai: ka daure, ka ƙudurta, ka cije. Wannan muhawara tsohuwa ce, kuma a ƙasar Afirka aka yi mafi zafinta. A farkon ƙarni na 5 wani malami mai suna Pelagiyus, wanda ya fito daga Birtaniya ya zauna a Roma, ya ga yadda Kiristocin birnin suka yi sakaci da halin kirki, abin ya dame shi. Sai ya koyar cewa mutum yana da cikakken iko a kansa na yin abin da Allah ya umarta, in dai ya so. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ƙi wannan koyarwa. Ya san daga rayuwarsa cewa mutum yana iya sanin daidai, ya so daidai, ya kasa yi, domin son ran kansa ma ya kamu da ciwo. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Kartaj a 418 ta goyi bayan Agustin. Niyyar Pelagiyus mai kyau ce, amma koyarwarsa tana haifar da mutum iri biyu: wanda ya ga kamar ya iya, ya cika da girman kai yana raina masu faɗuwa, da wanda ya gwada ya kasa, ya fid da zuciya ya koma inda ya fito. Dukansu muna da su a kujerun majami'unmu.

Hausawa suna cewa, Allah ya ce tashi in taimake ka. Maganar tana da gaskiya wajen tsawata wa rago. Amma bishara ta ƙara wani abu a kai: ko tashin ma da taimakonsa ake yi. A sura ta 2 ta Filibiyawa, Bulus ya haɗa abu biyu a numfashi ɗaya, ya umarci masu bi su yi aiki da gaske, ya kuma gaya musu dalilin, wato Allah ne yake aiki a cikinsu, yana ba su niyyar da ikon aikatawa. Ba rabon aiki ba ne, a ce Allah ya ɗauki rabi mutum ya ɗauki rabi. Mutum ne yake buɗe baki ya ce ba zai karɓi toshiyar baki ba, hannunsa ne yake rawa, albashinsa ne ba zai kai ƙarshen wata ba. Amma in ya waiwaya daga baya, ya san ba daga cikinsa ƙarfin ya fito ba. Bitrus ne shaidar wannan. Daren da aka kama Yesu ya cika baki cewa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, kafin gari ya waye wata baiwa ta sa ya yi musun Ubangijinsa. Makonni kaɗan bayan haka, mutumin nan ne ya tsaya gaban majalisar da ta yanke wa Yesu hukunci ya ƙi yin shiru. Bai sauya hali don ya ƙara ƙudurta ba. An gafarta masa, an kuma ba shi Ruhu Mai Tsarki.

Masu bi sun daɗe suna neman mafita ta hanyar janyewa. Antoni na Masar ya shiga hamada a ƙarni na 3, dubbai suka bi sawunsa. A Amurka ma an yi ta muhawara a 'yan shekarun nan kan ko lokaci ya yi da Kiristoci za su ja da baya su kafa nasu unguwanni da makarantu. Mu a nan ba littafi ne ya raba mu ba, rikici ne. Tun bayan tarzomar 2000 Kaduna ta rabu, kogi ya zama iyaka, haka Jos bayan 2001. Yaro yana iya tashi yau ya gama sakandare bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Na fahimci tsoron da ya kawo haka, ba na kuma raina shi. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa zama a unguwar Kiristoci zalla ya tsare mu daga duniya. Ana tauye mudu a kasuwarmu, ana satar amsa a makarantun da ke ɗauke da sunayen tsarkaka, iyaye da kansu suke biyan kuɗin a kai 'ya'yansu cibiyar da za a rubuta musu WAEC a allo.

Littafi Mai Tsarki ya nuna wata hanya dabam. Sa'ad da aka kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila a 597 kafin haihuwar Almasihu, annabi Irmiya ya aika musu wasiƙa, wadda ke sura ta 29 ta littafinsa. Bai ce su yi tawaye ba, bai ce su keɓe ba. Ya ce su gina gidaje, su yi noma, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, har su yi masa addu'a. Daniyel shi ne misalin wanda ya yi haka. Ya koyi harshen Babila da iliminta, ya karɓi sunan da suka ba shi, ya yi wa sarakuna arna aiki har ya tsufa, kuma sa'ad da maƙiyansa suka binciki aikinsa ba su sami ko ƙwandala da ta ɓace ba. Ya yarda da abubuwa da yawa da wani mai zafin kai zai ce bai kamata ba. Amma yana da 'yan wurare da ya ja layi, ya kuma san su tun kafin ranar gwaji. Ma'aikacin gwamnati Kirista ba shi da littafin da ya fi na Daniyel dacewa da teburinsa.

Muna da namu da suka bi wannan hanya. Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da Musulmi 'yan'uwansa, kuma asibitin koyarwa na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Ba su ɓoye bangaskiyarsu ba, ba su kuma mai da ita makami ba. Sun yi aiki a tsakiyar jama'ar da yawancinta ba addininsu take bi ba, jama'ar ta kuma amince da su.

Labarin da ya fi koya mini yadda ƙarfin Allah ya bambanta da taurin kai shi ne na Eric Liddell, ɗan tseren Sikotilan. An san shi da ƙin yin tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya koma mita 400 ya ci zinariya. Yawancin masu wa'azi a nan suke tsayawa, domin labarin ya ƙare da lambar yabo. Amma shekara ɗaya bayan haka ya bar ɗaukakar ya tafi Sin aikin bishara, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, inda ya rasu a Fabrairun 1945. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labari cewa da farko ya ƙi shirya wa yaran sansanin wasa ranar Lahadi. Da ya ga in an bar su su kaɗai wasan yana ƙarewa da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci a ranar. Mutumin da ya ƙi gudu ranar Lahadi don ɗaukakar kansa ya yarda ya tsaya a fili ranar Lahadi don yaran da ba su da mai kula da su. Mai taurin kai ba zai iya wannan ba, domin shi dokar yake riƙe da ita. Liddell Ubangijin dokar yake bi.

A Kaduna kuma akwai Fasto James Wuye. A da yana cikin jagororin matasa Kiristoci masu ɗaukar makami, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. An haɗa su a 1995, suka fara aikin sulhu tare, har suka taimaka wajen sasanta Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Abin da ya fi daraja a shaidar Wuye shi ne abin da ya sha faɗa a bainar jama'a, cewa ya ɗauki shekaru yana tafiya tare da Ashafa alhali ƙiyayya tana nan a ransa. Gafarar ba ta zo masa rana ɗaya ba, ba kuma da ƙarfinsa ya matso ta ba. Duniya tana da nata lissafin a kan wanda ya cuce ka: ka rama, ko ka jira dama. Wannan lissafin yana yawo a wayoyinmu kullum, a saƙonnin WhatsApp da ake turawa daga wannan zumunta zuwa waccan, da hotunan da ba wanda ya tabbatar da inda aka ɗauke su. Kirista da ya danna ya tura ba tare da bincike ba, don dai abin ya taɓa "su", ya yi aiki ne da ƙa'idar duniya, ko da ya rufe saƙon da aya.

Ba na so a ɗauka cewa bangaskiya a fili ƙin abubuwa ce kawai. A Maradi, a farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Shi da bakinsa ya ce ya kai ga fid da zuciya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Manoman Nijar, yawancinsu Musulmi, suka karɓi dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, har aka kiyasta ta farfaɗo da itatuwa a kimanin hekta miliyan 5. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ga addu'a, ga ilimin noma, ga gumin manomi, ba wanda ya kori wani. Likita, malamar firamare, makanike, mai sayar da hatsi, kowa yana da irin wannan fili a gabansa.

Dole kuma a faɗi gaskiya mai ɗaci. Ba a yi alkawari cewa wanda ya tsaya zai fita lafiya ba. Abokan Daniyel uku sun gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna ba. Sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera waɗanda aka kuɓutar, ta kuma jera waɗanda ba a kuɓutar ba, duka a ƙarƙashin bangaskiya ɗaya. Dietrich Bonhoeffer, fasto ɗan Jamus, yana zaune lafiya a New York a 1939, ya zaɓi komawa Jamus ta Hitler, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilun 1945, saura wata ɗaya yaƙin Turai ya ƙare. Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN a Michika, 'yan Boko Haram sun sace shi sun kashe shi a Janairun 2020, kuma duk wanda ya ga bidiyon da aka fitar ya ga natsuwar da ba a sayen ta a kasuwa. Yawancinmu ba za a nemi ranmu ba. Abin da za a nema ƙarami ne: ƙarin girma da za a hana mu, sauyin wurin aiki zuwa ƙauye, ciniki da zai wuce mu, dangi da za su ce mun yi wauta muna zaune a kan dama ba mu taimaki kowa ba. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da tsadar da ta biyo baya, wannan ƙaramin abu ya ƙara nauyi. Uban da ke da 'ya'ya biyar a makaranta, in ya mayar da ambulan ɗin da aka tura masa, ya yi abin da ba zan kira ƙarami ba.

Ta ina ƙarfin yake shigowa? Ba wani asiri. Ta Maganar Allah da ake karantawa a tsanake, sura bayan sura, ba aya ɗaya da aka tsinko ba. Ta addu'ar da mutum yake faɗin rauninsa a fili, har da kwaɗayinsa da tsoronsa. Ta Jibin Ubangiji. Ta tuba, domin wanda ya faɗi jiya yana da hanyar dawowa yau, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba bishara da kowane darasin gyaran hali. Sai kuma ta 'yan'uwa, wanda a kansa nake so in tsaya, domin a nan muka fi sakaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daniyel yana da abokai uku. Iyayenmu mata sun gane wannan tun da daɗewa: Zumuntar Mata ba waƙa da rawa kawai ba ce, su ne suke zuwa gidan mai haihuwa da gidan makoki, su ne suke sanin wadda ba ta ɗora tukunya ba. FCS, zumuntar ɗalibai Kiristoci, ta riƙe ɗalibai da yawa a makarantun kwana a shekarun da suka fi saurin zamewa. Amma ma'aikaci da ɗan kasuwa, waɗanda suke fuskantar jaraba daga Litinin zuwa Asabar, wa yake zama da su? A majami'u nawa ne aka taɓa tara akantoci ko 'yan sanda ko ma'aikatan jinya a tambaye su abin da ake matsa musu su yi a wurin aiki, a yi addu'a a kansa da sunansa?

Abin da muke yi ma ya fi shiru muni. Ranar ƙaddamar da ginin coci, wanda ya ba da miliyoyi shi ake kira gaba a tafa masa, ba wanda zai tambayi yadda mai albashin da kowa ya sani ya tara su. Wanda ya ƙi ci, ya zo da ɗan abin da yake da shi, yana can baya ba wanda ya san da shi. Yaranmu suna zaune suna kallo, kuma abin da suka gani ya fi abin da suka ji a wa'azi shiga ransu. Ba Turawa ne suka koya musu cewa Allah na Lahadi ne ba.

Saboda haka kirana ga fastoci da dattawan ikkilisiya ne, a ECWA, da COCIN, da HEKAN, da Katolika, da Angilikan, da Baptis, da sauransu. In kuna gaya wa mutane su tsaya da ƙarfin Allah, ku sani cewa sau da yawa ta hannunku Allah zai aiko da ƙarfin. Ku san membobinku da suka yi asara saboda gaskiya. Wanda aka kora daga aiki don ya ƙi sa hannu a ƙarya, ku ɗauki kuɗin makarantar 'ya'yansa har ya samu wani. Gwauruwar da ta ƙi yin algus a sana'arta, ku saya a wurinta. Ku ware wa wannan kaso a kasafin kuɗin ikkilisiya na shekara mai zuwa, ku karanta shi a gaban jama'a kamar yadda kuke karanta na gini.